Moɗar da ke bayan rumbu

Malaminmu na Ayoru, Shehi, masanin Allah, mai tsantseni, Allah Ya ƙara masa yarda, ko kaza bai taɓa ɗaga wa murya ba. Karamominsa suna da yawa, amma ni wadda na gani da idona zan faɗa, ba ni da haƙurin sauran.

Innata Bibata, ungozoma ce a asibiti, ba ta gama zance sai ta sako babanta, Kaka Hamani. Wai bai taɓa raina ɗan Adam ba, a duba ma amininsa Saini maƙeri, shekara arba'in suna hira a zaure ɗaya.

Bara maƙogwaron Kaka ya toshe, kwana huɗu ko ruwa ba ya wucewa. Aka aika wa Malam. Bai zo ba, sai ya aiko da rubutun sha da 'yar takarda. Ni na fizge ta, don yanzu ba ajamin da ke gagarata, na karanta da ƙarfi kafin in gane me nake faɗa: a ba shi a moɗar da ke rataye bayan rumbu.

Inna ta tambaya wace moɗa ce. Kowa ya sunkuyar da kai. Goggo Hamsatu ce ta ce ai ta Saini ce, Kaka ba ya haɗa baki da maƙera, ko taɓa ta ba ya yi.

Inna ta ɗauko ta da kanta. Kaka ya kau da kai sau biyu, a na uku ya sha. Ruwa ya wuce! Da murya ta dawo, abin da ya fara cewa shi ne, “An dai wanke ta?”

Inna ta yi wata bakwai ba ta taka gidan Kaka ba. Ranar da ta je wurin Malam, na bi ta don in ji yadda ya san moɗar, shi da bai taɓa shiga gidan ba. Ban samu na tambaya ba. Ya dube ta ya ce, “'Yata, waliyyi kika rasa. Uban yana nan, kuma ya tsufa.”

Ranar Juma'a ta je gidan. Ta tarar da Kaka da Saini a zaure, ta dama fura a moɗar Saini, ta sha, ta miƙa wa Kaka. Ya tsaya yana kallon moɗar. Saini ya ce, “Sha mana, tsoho, ai ta taɓa yi maka rana.”

Ya sha, yana ɓata fuska.

Allah Ya ɗaukaka darajar Malam, Ya yayyafa mana albarkarsa, har da Kaka.