Musaddiq Ya Tafi Kalankuwar Brazil Babu Sallama

Akwai wani ma'aikaci da ya taɓa zama a nan Suleja, sunansa Musaddiq. Mutumin Kano ne. Aiki ya kawo shi Abuja, tsadar haya ta koro shi unguwar Iku, inda ya kama gida mai get. Kullum da safe zai fito yana hura hanci, sai ka ce alfarma ya yi wa unguwar da ya zauna a cikinta.

A gidan akwai matarsa Bara'atu, da 'yarsu Khadija, da mahaifinsa Malam Mahmudu, dattijo mai hawan jini da ya ɗauko daga Kano don ya riƙa ganin likita. Sau biyu tsohon yana yanke jiki ya faɗi. Likita bai ɓoye musu komai ba, ya ce idan ya sake faɗuwa kada a ɓata ko minti goma kafin a kawo shi asibiti.

Katanga ɗaya ce tsakanin Musaddiq da Ɗantala mai walda, haifaffen garin, wanda shagonsa ke ƙofar gidansa. Ba sa ga maciji. Wata rana tartsatsin walda ya taɓa fentin motar Musaddiq, ɗan tabo wanda bai kai ƙwayar gero ba. A kan wannan ya sa aka zo aka tafi da Ɗantala ofishin 'yan sanda a gaban iyalinsa, ya wuni a bayan kanta.

Da aka sako shi, Ɗantala ya tsaya a bakin get ɗin ya ce, "Yallaɓai, na gode. Ka nuna min kai babba ne."

Musaddiq ya ce, "Kai mai walda, matsa min daga ƙofa. Ni ba sa'anka ba ne."

Daga ranar ko sallama ba ta ƙara haɗa su ba, ko a masallaci kowa sahunsa daban.

To, akwai abin da ya daɗe yana cin ran Musaddiq, wato bikin kalankuwar ƙasar Brazil, wanda ake cika titunan birnin Rio da kiɗa da rawa kwana da kwanaki. Abokin aikinsa Chiazo ya taɓa zuwa, ya cika masa kunne da labari. Wata shekara sai biza ta fito musu su biyu, tafiyar kwana tara.

Kun dai san al'adarmu. Mai tafiya mai nisa yakan bi maƙwabta ya yi sallama, ya ce ga gida nan, ga iyali nan, amana. Ba don burgewa ake yi ba. Ana yi ne don a san babu namiji a gidan, a riƙa leƙawa.

Malam Mahmudu ya kira ɗansa ya ce, "Musaddiq, ka shiga ka sallami mutanen nan. Ka fara da na kusa da kai."

Ya ce, "To, Baba."

Yana shiga ɗaki ya dubi Bara'atu ya ce, "Kada wanda ya ji na bar ƙasar. Mutanen unguwar nan bakinsu ba shi da kyau, suna ji za su sa min ido tafiyar ta lalace. Get ya zauna a kulle."

Ta ce, "Abban Khadija, jikin Baba fa? Idan wani abu ya taso, wa zan nema?"

"Ki kira ni mana. Ba waya a hannunki?"

"Daga can za ka ɗauke shi? Ko Malam Ɗantala ne ka yi wa magana, shi ne kullum yana nan."

Nan take ya haɗe rai. "Wa? Wannan matsiyacin? Wallahi idan kika taka ƙofarsa ban yafe miki ba. Kin ji na gaya miki."

Bai tsaya nan ba. Ya kulle motarsa ya jefa makullin a jakar tafiya, wai kada wani ya zo aro. Ku ji fa! Makullin mota ya haye teku, mara lafiya yana gida.

Rio kuwa ta yi masa yadda yake so. Ganguna ɗari-ɗari suna tashi lokaci guda har ƙirjinka ya riƙa amsawa. Ga manyan motoci an yi musu ado kamar gidaje suna tafiya a hankali, ga mutane da fuka-fukan tsuntsaye a ka, wasu a kan dogayen sanduna. Musaddiq ya sayi hular gashin tsuntsu, aka shafa masa fenti a kumatu, yana ta ihu a kunnen Chiazo, "Wannan ita ce rayuwa, ba zaman Iku ba!"

A rana ta huɗu da safe, Chiazo ya ce masa cunkoson yau ya fi na kullum, kuma akwai masu yankan aljihu, gara su bar wayoyi a otal. Suka kulle su a ɗaki suka fita.

Sai bayan awa shida suka dawo, jiƙe da gumi. Musaddiq ya ɗauki waya yana dariya, dariyar ta tsaya. Kira arba'in da ɗaya, duk daga Bara'atu. Ga saƙonnin murya a jere.

Na farko: "Abban Khadija, Baba ya faɗi a banɗaki! Na kasa ɗaga shi. Ka ɗauki waya, don Allah!"

Na biyu, bayan minti ashirin: "Na duba ko'ina ban ga makullin mota ba. Ka ba ni izini in kira Malam Ɗantala. Ka ce min na je kawai."

Na uku, bayan wasu minti talatin, muryarta ta dishe: "Zan je. Ko ka yafe ko kada ka yafe, zan je."

Na ƙarshe ba muryarta ba ce. Ɗantala ne, a daƙile, babu ko gaisuwa: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam ya cika a hanyar asibiti. Mun neme ka ba mu samu ba. An yi masa sutura bayan la'asar."

Musaddiq ya zube a ƙasa, hular gashin tsuntsun tana kansa. Kusan awa guda mahaifinsa ya yi kwance a kan siminti, matarsa tana tsaye tsakanin tsoho mai mutuwa da rantsuwar miji.

Jirage duk sun cika saboda bikin. Kwana huɗu ya yi kafin ya iso Suleja. 'Yan'uwa daga Kano sun zo sun koma, an yi addu'ar uku an naɗe tabarmi. A ƙofar shagon Ɗantala aka yi zaman makokin, mutumin ya rufe sana'arsa kwana uku cur yana karɓar gaisuwar uban wanda ya sa aka tsare shi.

Mutanen unguwa suka yi wa Musaddiq ta'aziyya a tsaitsaye, ba wanda ya zauna. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Ashe ba ka ƙasar? Ai ba mu sani ba," ya wuce abinsa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya ga inda aka kwantar da mahaifinsa. Amma mata ba sa zuwa maƙabarta, Bara'atu ba ta sani ba. Kabari kuma ba a rubuta masa suna ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ɗantala ne ya shiga ramin, shi za ka tambaya."

Haka ya ja ƙafa ya je shagon, ya yi sallama. Ɗantala ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa, ya daɗe yana kallonsa kafin ya amsa.

"Malam Ɗantala, don Allah ka nuna min kabarin."

"Yau kuma Malam ne? Ba mai walda ba?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. Ɗantala ya kashe janareta, ya shige gaba ba tare da ya waiwayo ba.

A maƙabarta sababbin kaburbura biyar ne a jere, duk iri ɗaya. Ɗantala ya nuna na biyu daga gabas. Musaddiq ya durƙusa yana kuka kamar ransa zai fita, sannan ya zura hannu a aljihu.

Ɗantala ya daka masa tsawa: "Kul! Ka fito da ko sisi a nan, sai na manta inda muke. Ba don kai na yi ba."

Musaddiq ya ce, "Ya yi magana? Ya ce wani abu?"

Ɗantala ya ce, "A cikin Keke Napep kansa yana kan cinyata. Idonsa ya riga ya daina gani. Ya kama hannuna ya ce, 'Musaddiq, ka zo?' Ban iya ce masa a'a ba. Sai ya ce, 'Allah ya yi maka albarka, ɗana, ba ka bar ni ni kaɗai ba.' Na ce amin. Daga nan ya yi kalmar shahada."

Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Hannuna ya riƙe. Ni na ji, ni na amsa."

Ya juya ya tafi, ya bar shi durƙushe a wurin.

Darasi: Ba laifi ba ne ka fita ka ga duniya da bukukuwanta, amma kada ka sa ƙafa a jirgi kana gaba da maƙwabcinka. Ranar da abu ya faru a gidanka, wanda ke bayan katanga ne zai iso, ba kai da wayarka ba. Ka yi sallama, ka bar amana, kuma kada ka ɗaure iyalinka da rantsuwar da za ta hana su neman taimako. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya gaisawa da maƙwabcinsa, ko Allah zai sa ya gyara tun da sauran lokaci.