Kwalaben da Dakta Tahir Ya Sa Aka Zubar

Akwai wani malamin jami'a a Yola, ana ce masa Dakta Tahir, gidansa a Demsawo. Bincikensa a kan gansakuka yake, koren nan da ke taruwa a saman ruwan tafki. A cikinta akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Gishiri yakan zuƙe ruwan jikinsu ya kashe su, amma wasu sukan tsira. Da sun ji gishiri ya ƙaru sai su tayar da wasu ƙwayoyin gadonsu, su kwantar da wasu, su tara wani irin sukari da ke riƙe musu ruwa.

Dakta ya san aikinsa, ya kuma san ya sani. Ɗalibi in ya hango shi, hanya yake canzawa.

Cikin ɗalibansa na digiri na biyu akwai Debbie, 'yar wani ƙauye a yankin Madagali. Ita ce ta ɗebo wata gansakuka daga kududdufi mai kanwa a bayan gonar mahaifinta, ta raine ta a kwalabe. Ta yi ta ƙara mata gishiri, ta ƙi mutuwa. Dakta da bakinsa ya ce bai taɓa ganin irinta ba, in an dace ma za ta farfaɗo da gonakin shinkafa da gishiri ya cinye. Har ya rubuta ɗan taƙaitaccen rahoto a kanta.

Ana cikin haka, a 2014, 'yan Boko Haram suka afka wa yankinsu. Debbie ta ɓace daga makaranta makonni, wayarta a kashe.

Wata safiya Dakta ya shiga ɗakin gwaji, ya ce a zubar da kwalabenta, wani ɗalibi na buƙatar wurin. Zadok, mai kula da ɗakin, ya roƙe shi. Ya ce kowa na ganin yadda Jimeta ta cika da masu gudun hijira, kuma shi zai ci gaba da kula da kwalaben har ta dawo. Dakta ya ce ɗakin gwaji ba sansanin hijira ba ne, wanda bai nemi izini ba ya kori kansa. A ransa yana ganin ai gansakuka ce, gobe ma a ɗebo wata. Ya tsaya a kan Zadok har ya juye su a magudana.

Da Debbie ta dawo, ta rame, zanin jikinta ma na aro ne. Ta shiga ofishinsa ta fara bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Kowa da matsalarsa. In karatu kike so, ki koma ki ɗebo wata, ki fara daga farko."

Ta leƙa ɗakin gwajin, ta ga kwalabenta a kife, an wanke su tas. Ba ta yi kuka ba. Ta yi wa Zadok godiya, ta fita, ba ta sake dawowa ba.

Bayan shekaru, wasu masu bincike a ƙasar waje suka ci karo da rahoton nan. Suka ce suna son wannan gansakuka, in ya kawo za su gina masa sabon ɗakin gwaji, su yi aikin tare. Dakta ya bi tafkin Gerio, ya bi fadamun Numan, ya ɗebo iri-iri. Duk wadda ya ƙara wa gishiri sai ta mutu.

Dole ya nemi Zadok, wanda ya gaya masa Debbie tana unguwar Rumde, ɗinki take yi tana ciyar da mahaifiyarta da ƙannenta.

Ya same ta a shago. Ta gaishe shi da ladabi, ta share masa benci. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce zai sa a mayar da ita karatu, ita dai ta kai shi kududdufin nan.

Ta tsayar da keken ɗinkin.

"Dakta, a cikin kududdufin aka jefa babana da yayyena biyu. Da mutanenmu suka koma, sai suka cike shi da ƙasa. Shi ne kabarinsu yanzu. Abin da na zo faɗa maka ke nan ranar da na shiga ofishinka."

Dakta ya nemi gafararta. Ta ce ta daɗe da yafewa, amma karatu ta bar shi, ƙannenta ne yanzu a gaba. Ta ce ya yi haƙuri, mai kaya na jira, ta ci gaba da ɗinkinta.

Masu binciken suka koma wata ƙasa da tayinsu. Dakta Tahir yana nan yana koyarwa, amma ya daina shiga ɗakin gwajin.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka yanke wa na ƙasa da kai hukunci kafin ka saurare shi. Akwai ɓarnar da neman gafara ba ya gyarawa. Ku tura wa duk wanda Allah ya ɗora a kan wasu, malami ne ko shugaban ofis, ko ya tsaya ya ji kafin ya zartar.