Aiken da Muntaka Ya Yi wa Baba Likita

A unguwar Greenbelt, kusa da birnin Washington, akwai wani mutum ana ce da shi Injiniya Muntaka. Mutumin Zariya ne, mai ilimi da fara'a, kuma Allah ya ba shi baki mai daɗi. Aibinsa guda ne, amma babba: jinkiri. Muntaka ba ya cewa a'a, kuma ba ya yin abu a kan lokacinsa. Tun yana ɗalibi ya gano cewa idan wa'adi ya cika, ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, akan yi masa haƙurin. Idan abin ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya nemo wani babba ya tura a roƙar masa. Haka ya yi ta tsallake rijiya da baya har ya fara furfura, shi kuwa yana ganin dabara ce.

A wata ma'aikatar gwamnati yake aiki, wadda ba sai na kama sunanta ba. Doka ta ɗora wa ma'aikatar nauyin sake duba ƙa'idojin tsabtar iska bayan kowane 'yan shekaru, a ga ko adadin hayaƙi da ƙurar da aka yarda motoci da masana'antu su saki bai yi wa huhun mutane yawa ba. Kafin a yanke komai sai an tattara binciken masana wuri guda an rubuta rahoto. Wannan rahoton shi aka damƙa wa Muntaka da 'yan sashensa.

To, ai kun san sauran. Lokacin da doka ta ɗiba ya zo ya wuce, rahoto yana nan rabi da rabi. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, don an rage musu ma'aikata, shugabanni kuma sun yi ta canzawa. Amma nasa kason ya fi na kowa. Mutum ne da ba a suna ko walima daga Greenbelt har Alexandria ba tare da an gan shi riƙe da lasifika ba. Da safe ya shiga jirgin ƙasa da niyyar karanta takardu, sai ya ƙare a waya yana tsara wa jama'a taron Sallah.

Da jira ya ishi mutane, sai wasu ƙungiyoyi suka kai ma'aikatar ƙara kotu. A cikinsu har da wata ƙungiyar iyayen yara masu ciwon asma. Lauyoyin gwamnati suka duba suka ga ba su da abin cewa, don ranar da doka ta sa ta wuce kowa yana gani. Sai aka zauna aka yi sulhu: masu ƙara za su dakata, ita kuma ma'aikatar za ta gama rahoton kafin ƙarshen watan Satumba. Alƙali ya sa hannu, sulhun ya zama umarnin kotu.

Shugaban Muntaka, wani mai suna Raymond, ya kira shi ofis ya ce, "Wannan ranar ba tamu ba ce, ta kotu ce. Ba mai iya matsar da ita sai masu ƙara sun yarda, alƙali kuma ya amince. Za ka iya?"

Muntaka ya yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinka, saura kaɗan."

Ya fito ransa fes. A tunaninsa, tunda an yi sulhu ai wuta ta mutu. Ya koma harkokinsa. Bazara ta shigo da zafinta, hayaƙin motoci ya kwanta a kan babban titin da ya kewaye birnin, ana ta sanarwa a rediyo cewa yara da tsofaffi su rage fita. Shi kuwa yana jin sanarwar a mota, sai ya murɗa zuwa wata tashar. Amma rana ba ta ƙarya. Watan Agusta ya raba, Muntaka ya buɗe aikin ya ga ko aljani ne shi ba zai gama ba. A nan ne ido ya raina fata.

Matarsa Saudatu ta ga ya daina cin abinci sosai, ta matsa masa da tambaya har ya faɗa mata. Ta ce, "Ikon Allah! Ashe ku ne Maman Olive take ƙara? Dorkas mana, nas ɗin nan 'yar Kafanchan da ke zaune a Clinton, wadda ta kula da ni lokacin haihuwar Fatihu. Ai ita ce shugabar iyayen nan. 'Yarta Olive asma ce ke wahalar da ita."

Mai hankali da ya ji haka kunya ce za ta kama shi. Muntaka kuwa sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe ma 'yar gida ce! To ai magana ta zo da sauƙi."

Saudatu ta ce, "Baban Fatihu, ka je ka gaya wa ogan naka gaskiya tun da wuri. Nan fa ba gida ba ne."

Ya ce, "Ke dai bari. Akwai abin da lauya ba zai iya ba, dattijo ya iya."

Dattijon da yake nufi shi ne Alhaji Zulkifilu, wanda kowa ke kira Baba Likita. Tsohon likitan yara ne da ya yi ritaya, yana zaune a Alexandria. Duk ɗan Arewa da ke yankin, Musulmi ne ko Kirista, idan aure ya yi tsami ko 'yan'uwa suka ɓata, ƙofarsa ake bugawa. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, kuma idan ya ce a bari, akan bari. Muntaka ya je ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kawo maganar a lulluɓe. Ya ce wata 'yar rashin fahimta ce tsakanin ofishinsu da ƙungiyar Dorkas, 'yan watanni kawai ake so ta ƙara musu, in ba haka ba zai rasa aikinsa. Bai ambaci alƙali ba, bai ambaci yara masu asma ba.

Baba Likita ya ce, "Ba dai maganar da ke gaban hukuma ba ce ko, Muntaka?"

Ya ce, "A'a Baba, ai tuni an yi sulhu."

Ka ji irin ƙaryar da ta fi muni, wadda aka ɗinka da zaren gaskiya. Tsoho ya yarda. Muntaka kuma, don kada a je wa mace hannu rabbana, ya haɗo tsaraba: turmin atamfa, kwalbar zuma, da ƙunshin kilishin da aka kawo masa daga gida.

Ranar Asabar da la'asar Baba Likita ya isa gidan Dorkas a Clinton. Olive ba ta nan, tana wurin gwaggonta. Dorkas ta rasa inda za ta sa shi don murna. Ta durƙusa har ƙasa, ta kawo ruwa da lemo, suka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "'Yata, ɗan'uwanki Muntaka ne ya aiko ni. Abincinsa na hannunki. Ki dubi girman Allah ki dubi furfurata, ki sa a ƙara musu lokaci."

Dorkas ta tuna zaman da take yi a asibiti da yarinya a cinya tana kokawa da numfashi. Amma tarbiyyar da aka yi mata ba ta yarda a dubi idon tsoho a ce masa a'a ba. Ta ce, "To Baba, na ji. Zan yi magana da lauyarmu." Ta karɓi tsarabar da hannu biyu, don mayar da ita cin fuska ne.

Kuma ta cika alkawari. Ta kira lauyar ƙungiyar, wata mai suna Debbie, ta ce wani babba da take jin nauyinsa ya roƙe ta, ko za a iya ɗaga ranar? Debbie ta tambaye ta wane ne babban, kuma wa ya aiko shi. Dorkas ba ta ga abin ɓoyewa ba, ta faɗi komai, har da atamfa da kilishi. Lauya ta ce mata kada ta taɓa kayan. Ta bayyana mata cewa ma'aikacin ɓangaren da ake ƙara ba shi da ikon zagayawa ta bayan lauyoyi ya nemi mai ƙara, balle ya haɗa da kyauta, kuma dole ne ta sanar da kotu. Dorkas ta yi roƙo har da kuka a rufa wa tsoho asiri, amma alƙalami ya riga ya bushe.

Alƙali ya kira zama. Mutanenmu da yawa sun je, wasu don tausayi, wasu don ganin ƙwaƙwaf. Aka ɗora atamfa da zuma da kilishi a kan tebur, kowanne da lamba a jiki. Aka kira Alhaji Zulkifilu, mutumin da ko takardar laifin tuƙi bai taɓa karɓa ba, ya tashi da farar babbar rigarsa ya rantse zai faɗi gaskiya. Aka tambaye shi ko ya san akwai umarnin kotu a kan maganar. Ya ce bai sani ba. Aka tambaye shi wa ya ba shi kayan. Ya juyo ya dubi Muntaka sau ɗaya, ya faɗi sunansa. Aka tambaye shi ko ya saba zuwa gidajen mutane yana sa su janye magana. Tsoho ya buɗe baki zai bayyana abin da ya yi shekaru yana yi don Allah, ya ga babu yadda zai faɗe shi a wannan ɗakin ya yi kyan ji. Sai ya ce, "Na saba."

Muntaka yana zaune yana fatan ƙasa ta tsage ya shige. Raymond ko kallonsa bai yi ba. Alƙali ya ce ya gamsu an yaudari tsohon, ya sallame shi. Ya ƙi ƙara wa ma'aikatar ko yini guda, ya kuma umarci a binciki Muntaka. Aka karɓe aikin daga hannunsa aka ba wasu, suka yi ta fama ba hutu. Kafin sanyi ya shigo an sallame shi daga aiki.

Rasa aikin bai yi masa ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Baba Likita ya daina shiga tsakanin mutane. Ma'aurata suka je ƙofarsa, ya ba su shayi, ya ce su yi haƙuri ya ajiye. A masallaci ya koma zama a sahun baya, da an sallame ya fice. Kowa ya san dalili, kuma kowa ya san wanda ya jawo.

Muntaka ya so ya nemi gafara, sai ya koma ga abin da ya sani: ya shiga neman wanda zai aika. Ya je wurin liman, liman ya ce yana da uzuri. Ya kira wani farfesa abokin tsohon, farfesan ya ce masa, "Ni ma kotun kake so ka kai ni?" Duk wanda ya tunkara sai ya zame. Daga ƙarshe Saudatu ta ce, "Ƙafarka lafiya lau take. Ka je da kanka."

Ya je. Ya tsaya a ƙofar gidan ya daɗe kafin ya iya danna ƙararrawa. Baba Likita ya buɗe masa da kansa, ya nuna masa kujera, amma Muntaka ya zube a ƙasa. Ya ce, "Baba, na cuce ka. Na ɓoye maka gaskiya. Ka yafe mini don Allah." Hawaye suka zubo masa, na gaske wannan karon.

Tsoho ya ce, "Tashi, Muntaka. Tsayuwar da na yi gaban alƙali na yafe maka tun a ranar. Ba ita ce ke hana ni sukuni ba." Ya ɗan nisa. "Da na fito daga kotun, Dorkas ta kawo yarinyar ta gaishe ni. Ta yi mini gaisuwa da Turanci, tana murmushi. Ban buƙaci na'urar sauraron ƙirji ba, daga inda nake tsaye nake jin numfashinta yana fito. Rayuwata duka yara irinta na yi ta dubawa. Ni ne kuma na shiga motata na je har gida, na ce wa uwarta ta ƙara jira. Kai ka ɓoye mini, gaskiya ne. Amma ni ma ban tambaye ta abin da ya kai ta ƙara ba, na dogara da cewa ba za ta iya musa mini ba."

Muntaka ya kasa ɗaga kai.

Baba Likita ya ce, "Kai ka samu ni ka roƙa. Ni kuma, wa zan aika wurin yarinyar nan?"

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Aikin da aka ba ka amana, musamman wanda lafiyar bayin Allah ta rataya a kansa, yi shi a kan lokacinsa, domin kowace ranar da ka ɗaga wani ne ke biyan ta da jikinsa. Idan ka ga ba za ka iya ba, faɗi gaskiya da wuri, kunyar yini ɗaya ta fi ta shekaru sauƙi. Al'adarmu ta tura dattijo ya ba da baki abu ne mai kyau, an yi ta ne don kashe wuta tsakanin 'yan'uwa, ba don a danne mai gaskiya ko a rufa wa malalaci asiri ba. Kada ka ari mutuncin babba ka kai shi inda kai kanka kake jin kunyar zuwa. Kai kuma da ake aika, ka ji ta bakin ɓangare biyu kafin ka sa baki. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.