A Tambayi Haggai

Akwai wani Haggai, ɗan Dabai, da ya koya wa kansa rubuta manhajar kwamfuta. Wajen 2007 wani ƙaramin asibiti a Zuru ya ɗauke shi aiki, shi da Margaret, abokiyar aikinsa. Ita ta rubuta sashen rajistar marasa lafiya, shi ya rubuta sashen magunguna. Gwani ne, ban hana shi ba. Amma girman kai kamar ya fasa rufi.

Ga yadda aikin yake. Kowane sashe yana da ƙofofin da ɗayan ke bi ya nemi bayani. A saman kowace ƙofa, mai rubutu kan bar layi biyu: me ake ba ta, me take mayarwa. Sai wata 'yar manhaja ta tattaro layukan duka, ta haɗa su littafi guda.

Margaret ta cika nata. Ta ce, "Ɗan'uwa, naka fa? In ka bar gurbi, littafin ba zai haɗu ba."

"In na rubuta komai, gobe su ɗauko wani su kore ni?"

"Ai mutum ba dutse ba ne."

"Kan nan ya fi dutse."

Don ta ƙyale shi, a saman kowace ƙofa ya rubuta: A tambayi Haggai. Littafi ya haɗu. Har dariya ya yi.

Da damina babur ya kayar da shi a hanyar Danko, kansa ya bugu. Ya tashi, ya gane mahaifiyarsa, ya gane waƙoƙin coci. Manhajar da ya gina ce ta goge sarai daga kansa.

Yana dawowa sashen magunguna ya fara rikicewa. Shugaban asibiti ya ce in bai gyaru ba, za a sauya manhajar gaba ɗaya, da masu ita.

Haggai ya zauna, Margaret ta buɗe masa littafin. Nata sashen tsaf. Suka iso nasa. Ya karanta shafi, ya juya, ya sake juyawa, ko'ina: A tambayi Haggai.

A hankali ya ce, "Margaret, ina ta tambayarsa. Ba ya amsawa."

Aka sauya manhajar. Shi ya koma gona a Dabai. Ita ma, da ba ta ji ba ba ta gani ba, aikinta ya tafi.

Darasi: Ilimin da ka kulle don kada a iya yi ba tare da kai ba, wata rana kai za ka tsaya a bakin ƙofar ba makulli, kuma ba kai kaɗai za ka sha rana ba. Rubuta abin da ka sani tun kana saninsa. Ku tura wa wannan gwanin da kuka sani, ko zai ji haushi.