Wakilin da Ya Sauya Saƙon Manoma

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wajen Birchi, mai ɗan ilimin boko da daɗin baki. Wata ƙungiya ta zo da tallafin dasa itatuwa a gonaki, ta ce manoma su faɗi irin wanda suke so. Suka naɗa shi wakili.

Juma'a uku suna zama. Malam Yero, dattijon garin, ya ce gawo suke so, don yana kaɗe ganye da damina, ba ya danne gero. Mata suka ce a haɗa da ɗorawa da zogale. Kowa ya ce a ba su waya ta kare dashe daga awaki.

Wakilin kuwa yana da dashen itacen turare a bayan gida, ya rasa mai saye. Da ya isa ofishin ƙungiyar a Dutsin-Ma, sai ya ba jami'ai takarda, ya ce mutanensa turare suke so, waya kuma ba su buƙata. Aka saye nasa kaf.

Ranar rabo Malam Yero ya dube shi ya ce, "Malam, wannan muka aike ka?"

Ya ce haka ofis suka ga dama. Don a yarda da shi, ya cika gonarsa ta gado da turaren.

Turare ya shanye damshin ƙasa, geron da ke kusa da shi ya yi ja. Mutane suka tumɓuke nasu. Bayan shekara uku jami'an suka dawo, suka karanta takardarsa a bainar jama'a, suka ce tunda an ba garin abin da ya roƙa ya watsar, tallafin ya koma wata mazaɓa.

Ina zai sa kansa? Ya sare nasa, kututturan suka sake tohowa. Rumbunsa wayam. Ko shaidar cinikin akuya ba a ƙara kiransa ba. Ƙarshe ya bar garin, ko sallama babu.

Abin takaici, gari guda ya rasa inuwa saboda harshen mutum ɗaya! Kuma har gobe muna yi. Sau nawa aka aike ka, ka isar da son ranka? Saƙo amana ne, za a tambaye ka shi a inda daɗin baki ba ya aiki.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka yarda da mu. Amin.