Jifan Birgin Baba Tamba

Akwai wani matashi mai suna Muhyiddeen, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa a Birnin Kebbi. Asalinsa ɗan Argungu ne, ɗan wani masunci da ake kira Baba Tamba. Tun ranar da ya sayi sabuwar kyamara kansa ya kumbura. Ko gaishe shi ka yi, sai ya gyara igiyarta a wuya kafin ya amsa.

Baba Tamba ya yi suna a jifan birgi, wato komar nan da ake wurgawa ta buɗe a sama kafin ta sauka kan ruwa. Mutanen bakin gulbi kan ce in ya jefa, birgin har ɗan tsayawa yake yi a iska. Muhyiddeen ya tashi yana kallon wannan jifa, kuma ko a Birnin Kebbi yakan gan shi a mafarki.

Sai kafaɗar tsohon ta fara ciwo, likita ya ce kamun kifi ya ƙare masa.

"Baba," in ji Muhyiddeen, "kahin ka aje birgi, bari in ɗauke ka, jikokinka su ga abin da munka gani."

Tsohon ya yi murmushi ya ce to.

Suka fita bayan sallar asuba. Gulbi na kwance shiru, wani farin tururi na yawo a kansa, balbelu na ratsa shi suna ɓacewa ta wajen gonakin shinkafa. Muhyiddeen ya ji kamar bai gama farkawa ba, kuma ya ƙudura sai ya kama wannan kyau yadda yake.

A bakin ruwa suka tarar da Hodi, tsohon mai hoto da ya yi zamanin kaset, ya zo sayen kifi. Ya dubi sama, ya dubi kyamara.

"Ɗana, jira rana ta hito, haske bai isa ba. Kuma ka gwada memorinka tukuna, kada ka sa tsoho wahalar banza."

Muhyiddeen ya yi dariya. "Kawu Hodi, wagga ba irin taku ta da ba ta. Ita ka yin komi da kanta."

Hodi ya ɗauki kifinsa ya yi gaba.

Muhyiddeen ya shiga kwalekwale ya tsaya, kyamara a hannu, ruwa na rausaya shi. Baba Tamba ya jefa na farko, ya jefa na biyu. A na uku sai ƙuruciyarsa ta dawo. Birgin ya tashi, ya buɗe ya yi da'ira kamar faifai, ya rataya cikin tururin nan, sannan ya sauko a hankali ya rufe ruwa. Masuntan da ke kusa suka yi kabbara.

Tsohon kuwa ya zauna dafe da kafaɗa, gumi na keto masa.

Gogan naku ko duba abin da ya ɗauka bai yi ba. Sai da ya koma Birnin Kebbi ya sa a kwamfuta, nan gabansa ya faɗi. Hannun mahaifinsa ya yi dishi-dishi, birgin ya koma hayaƙi. A jifa na uku hoton ya cije daidai lokacin da tsohon ya ɗaga hannu, sannan ya yi tsalle, sai ga birgi tuni a cikin ruwa. Abin da ke tsakani babu shi.

Ya maimaita ya fi sau goma, yana fatan ko zai canza. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Mako guda mahaifinsa na kira yana tambayar hoto, shi kuma yana cewa ana kan gyara. Da ƙarya ta ishe shi, ya hau mota zuwa Argungu, ya yi sallama a zauren Hodi, ya durƙusa.

"A'a, mai kyamarar da ka yin komi da kanta!" in ji Hodi. Amma tsokanar ba ta wuce nan ba. Ya jawo shi kan tabarma, Muhyiddeen ya faɗa masa yadda hoton ya lalace, sai Hodi ya nuna kyamarar.

"Ita ma ido gare ta, tana ƙyahtawa. In haske ya yi kaɗan, sai ta daɗe ba ta ƙyahta ba, duk abin da ya motsa ya shahe. Ka ba ta rana, ka ƙara mata saurin ƙyahtawa. Cijewar kuwa memorinka na, ba shi iya haɗiye hoto da sauri. Sannan wa ya ce maka ana tsayawa cikin jirgi da kyamara a hannu?"

Ya ara masa memori mai ƙarfi da ƙafar ɗora kyamara. Kwana uku suna zuwa inda mata ke shiƙar shinkafa, da izininsu, suna gwaji. Muhyiddeen ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ya sake. A rana ta uku ya ga ƙwayoyin shinkafa suna zubowa ɗaya bayan ɗaya cikin hasken rana, ƙaiƙayi na bin iska. Ya daɗe yana kallo.

Daga nan ya je ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya, kansa a ƙasa.

Baba Tamba ya murza kafaɗa. Can ya ce, "Guda ɗai ya rage min. Ka shirya."

Wannan karon suka jira hantsi. Muhyiddeen ya kafa kyamara a kan tudu, ya gwada sau biyu, sannan ya ɗaga hannu. Tsohon ya tattara ƙarfinsa ya jefa. Birgin ya buɗe rabi, ya faɗi dab da kwalekwale.

Hoton ya fito tar. Ana ganin kowane zare, kowane ɗigon ruwa, har da cije leɓen da tsohon ya yi.

Baba Tamba ya kalla sau biyu a ɗan allon kyamarar, ya miƙa wa ɗansa.

"Aikinka ya yi kyau, Allah shi yi albarka. Amma wanga jihwan tsoho na. Nawa shi na na ran nan."

Muhyiddeen ya rungume kyamarar ya zauna a bakin ruwa yana hawaye. Baba Tamba bai ƙara jefa birgi ba.

Darasi: Sabon kayan aiki ba ya maye gurbin sanin aiki. Ka saurari wanda ya riga ka, ka gwada kafin ka fara, domin akwai abin da sau ɗaya yake wucewa ta gabanka. Ku tura wa ’yan uwa, musamman waɗanda iyayensu ke raye.