Ɗaurarren Cikin Ƙaro

An ce wani sarki ya wayi gari hancinsa a kumbure, sauro ya cije shi. Da ya ga fadawa suna sunkuyar da kai don ɓoye dariya, sai ya fusata, ya ce a kamo Korau, maɗinkin da ya ɗinka masa gidan sauro, a yanke masa hannu da azahar.

Korau yana da maƙwabci, wani tsoho mai haƙar rijiya, Jatau. Tausayi ya kama tsohon, domin da hannun nan Korau ke ciyar da 'ya'ya shida. Ya ɗauko wani abu da ya taɓa tonowa a gindin rijiya, ya nufi fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, na kawo maka ɗaurarre wanda ya girmi kakan kakanka. Kurkukunsa ba ƙofa, kuma bai ruɓe ba."

Shi kuwa sarkin nan, ko yana cikin fushi ba ya ƙin kacici-kacici. Ya ce, "Ina yake?"

Jatau ya buɗe tafinsa. Ƙaron itace ne da ya daskare ya zama dutse, launin zuma. Ga sauro a tsakiya, fiffike a buɗe, ciki taf.

Sarki ya ɗaga shi a hasken rana, ya ce, "Ban taɓa ganin mai dogon baki haka ba."

Jatau ya ce, "Ni ma shekara saba'in ina marin sauro, ban ga irinsa ba. Danginsa sun ƙare ƙaf. Ya sarki, mece ce sana'arsa?"

"Shan jini mana! Ga cikinsa."

"Allah ya ba ka nasara, wa ya sani ko ranar ce kaɗai ya taɓa sha? Amma a haka ƙaro ya kama shi, a haka za a gan shi har abada. Bakin mutane ma ƙaro ne. Kada ya kama ka yau da azahar."

Sarki ya shafa hancinsa, sai ya fashe da dariya. Fadawa suka samu ƙofa, suka saki wadda suka riƙe tun safe. Aka kwance Korau, aka ba shi riga. Jatau don murna har ya manta sandarsa a fada.

Sarki ya ajiye dutsen kusa da mazauninsa, ya ce, "Mai mulki ya yi adalci kullum, don bai san ranar da za a tuna shi da ita ba."